Hanyar Makaho Zuwa Majami'a

A shekara ta 1967 aka fara shimfiɗa wasu tubala na musamman a gefen titi a birnin Okayama na ƙasar Japan, kusa da makarantar makafi. Seiichi Miyake ne ya ƙirƙiro su. Makaho yakan ji su da tafin ƙafa ko da bakin sandarsa: masu dogayen layuka suna nuna masa ya miƙe, masu ɗigo-ɗigo kuwa suna gargaɗinsa ya dakata, akwai matakala ko wurin ƙetare titi. Yau wayar hannu tana faɗa masa sunan titi da murya, manhajar Be My Eyes kuma, wadda aka fara a 2015, tana haɗa shi da mai gani ya duba masa gabansa ta kyamara. Wannan hikima baiwar Allah ce, mu gode masa.

Sai dai taswirar da ke cikin waya ba ta san wani dattijon ikkilisiya ya ajiye babur a ƙofar majami'a ba. Littafin Firistoci 19:14 ya hana mu ajiye wa makaho abin da zai kayar da shi, ya kuma ɗaura wannan umarni a kan tsoron Allah. Mukan ɗauka da mugaye ayar take magana. Amma da idona na ga wani ɗan'uwa ya taho daga gida shi kaɗai lafiya lau, sai a harabarmu wayar lasifika da muka ja a ƙasa ta harɗe shi, ya fasa leɓe. Ba wanda ya nufe shi da mugunta. Tun ranar bai ƙara zuwa sujada ba sai jikansa yana riƙe da sandar.

Dokar Nijeriya ta 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyinsu domin naƙasassu. Wa'adin ya wuce. Mu da mishan ta buɗe wa makafinmu makaranta a Gindiri tun 1953, bai kamata sai hukuma ta tuna mana ba.

A Markus 10, Ubangiji Yesu bai yanke wa Bartimawas abin da yake bukata ba, tambayarsa ya yi. Kwamitin gini ya yi hakanan: ya zaga da 'yan'uwanmu makafi daga bakin titi har bencin da suke zama, su nuna kwatar da ke buɗe da matakalar da ba ta da abin dafawa, a rubuta, a sa cikin kasafin bana.