Farauta Ba Ta Buɗewa Sai Dawa Ta Shiga Rumbu

Bana ruwa ya ƙi ɗaukewa da wuri. Mun saba a nan Kafanchan damina ta sauka a Afrilu ta yi sallama wajen ƙarshen Oktoba, to amma ga shi har cikin Nuwamba hadari na haɗowa ta bayan duwatsun Kagoro. Duk wanda ya bi hanyar Kwoi ko Zonkwa ko Gidan Waya kwanan nan ya ga dawa tsaye a gona, dauro bai gama nuna ba, masu citta kuma sun rasa ranar shanya. A majalisun unguwa kuwa samarinmu masu karnuka sun ƙagu. Wasu har sun fara cewa ai lokaci ya yi, bara war haka an riga an ci naman gada. To, abin da muke so mu tattauna ke nan: wa ke da ikon cewa lokacin farauta ya yi?

Bari mu fara da abin da ruwan ƙarshe ke yi wa mafarauci, don kada a ce ba a san ciwonsa ba. Farauta a ƙasar nan sana'ar rani ce. Sai ciyawa ta bushe ta kwanta, ko an sa mata wuta, sannan ido ke ganin nama, kare kuma ya sami filin gudu. Idan ruwa ya yi nawa, gamba na nan ɗanya ta fi mutum tsayi, gada da mazo suna kwance kusa da kai ba ka sani ba. Ruwa kuma yana ko'ina a daji, kowane kwari da ɗan tafkinsa, saboda haka nama ba ya taruwa a mashaya ɗaya balle maharbi ya yi masa kwanto. Albarushin bindigar toka ya sha danshi ya ƙi tashi. Macizai ba su lafa ba. Sannan a nan kudu raninmu gajere ne, ba kamar na Katsina ko Daura ba: kafin ka ankara ruwan Afrilu ya dawo. Duk makon da damina ta ƙara, daga rabon mafarauci aka yanke shi. Mutumin da ke sayar da gyauji da zomo ya ciyar da iyali, wannan asara ce ta gaske, kada mai albashi ya raina ta.

Manomi shi ma ruwan bai bar shi ba. Dawarmu mai dogon zango ce, tana bukatar iskar hunturu ta busar da ita a tsaye. Idan aka yanke ta da danshi aka tara, fumfuna ta kama ta, ko ta tsira a zangarniya. Citta kuma bayan an haƙe sai an tsaga an shanya kwanaki, kuma mun san yadda cutar citta ta 2023 ta durƙusar da manoman Kachia da Jaba da Kagarko da nan Jama'a, wasu har yau ba su miƙe ba. Don haka manomi ba ganin dama ta sa ya bar amfaninsa a gona ba. Shi ma jira yake yi.

Matsalar tana zuwa ne a inda jiran biyu suka haɗu. Nama ba wawa ba ne. Idan daji ya fara bushewa gonar dawa na tsaye, nan ne abinci, nan ne inuwa, nan ne maɓoya. Mafarauci ya sani sarai naman na cikin gona. Hanyoyin fito da shi kuwa uku ne, kuma babu mai kyau a ciki: a saki karnuka su tattake dawa, a yi harbi cikin karan da ba a ganin abin da ke bayansa alhali mata na ciki suna roron wake, ko a sa wa ciyawar gefe wuta. Wutar ita ce babbar masifa. Shekarar da ruwa ya yi yawa ciyawa ta fi kauri, idan ta bushe wutarta ta fi zafi, iskar hunturu kuma ba ta san iyakar gona ba. Ashana ɗaya saboda gafiya tana iya cinye abincin gida guda na shekara, ta haɗa da ɗorawa da kaɗanyar da kaka ya bari.

Wani zai ce, to ai daji na Allah ne, nama kuma ba shi da mai shi. Gaskiya ne, farauta halal ce. Waɗanda suka karanta Risala a makarantar zaure sun san akwai babin da ya yi bayanin farauta, ya halatta ta ga mai bukata, ya karhanta ta ga mai yi don wasa kawai. To amma halaccin nama bai wanke hanyar da aka bi aka samo shi ba. Gada ba ta da mai ita, dawa tana da mai ita. Wanda ya ƙona damin wani ya kama gada, ya ambaci sunan Allah ya yanka, wuƙarsa ta yi daidai, amma haƙƙin mai dawa na wuyansa, kuma malamanmu sun sha gaya mana haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai an biya ko mai shi ya yafe. Haka yake ko mai gonar Musulmi ne ko Kirista, Bahaushe ne ko Bajju ko Kaninkon.

Akwai kuma wani ma'auni mai sauƙi da kowa zai iya aunawa. Idan mafarauci ya jira mako uku, me ya rasa? Ya rasa cinikin mako uku, amma naman na nan, ya ma ƙara ƙiba. Idan manomi aka ƙi jiransa, me ya rasa? Ya rasa iri da taki da gumin wata bakwai, kuma babu damina ta biyu da za ta mayar masa. Asarar ɗaya jinkiri ce, ta ɗayan ba ta dawowa. Duk inda aka sami haka, mai hankali ya san wanda ya kamata ya dakata.

Maƙwabtanmu sun daɗe da gane wannan. Bikin Afan da mutanen Kagoro ke yi kowace ranar 1 ga Janairu, wanda da yawanmu kan je kallo, asalinsa alama ce ta gama girbi da buɗe farauta. Duba yadda aka jera su: girbi tukuna, sannan daji. A ƙasar Hausa ma haka tsari yake. Sarkin Baka ba ya sa a kaɗa gangar farauta sai kaka ta wuce, an ɗaure dami, an kai gida. Iyayenmu ba su da kalanda a bango, gonar maƙwabci ce kalandarsu. Mu ne yanzu muke ƙirga wata muna cewa bara war haka.

A Amurka, inda ake farautar barewa da lasisi, hukumar kowace jiha ce ke yanka ranar buɗewa da ranar rufewa. Shekarar da ruwa ya hana girbi, kamar 2009 da masara ta kai Disamba a gonakin wasu jihohi irin su Ayowa, barewa sai ta shige cikin masara, maharba su yi ta zaman banza har kwanakinsu su ƙare. Ba mai sa wa gona wuta, don doka na tsaye a kansa. Mu a nan ba mu da mai tsaron kowane daji. Abin da ya rage mana shi ne kunya da tsoron Allah, kuma idan waɗannan suka tafi, babu takardar da za ta maye gurbinsu.

Sai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, mutanen wannan unguwa, wanda bai kamata mu yi ta kewaye-kewaye a kansa ba. Kakannin da yawa daga cikinmu jirgin ƙasa ya kawo su, tun da Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo a 1927, wasu kuma sun riga jirgin zuwa. An haife mu a nan, a nan za a binne mu. Amma dajin da samarinmu ke shiga, mafi yawansa gefen gonakin ƙauyukan maƙwabta ne. Kuma mun ga 1987, mun ga 1999, mun ga Afrilun 2011 da kasuwa ta ƙone. Mun san yadda ƙaramar magana ke girma a garin nan. Idan gonar wani ta ƙone aka ce an ga samari da karnuka sun fito daga wajen, ba za a ambaci sunan yaron ba, za a ce Hausawa ne. Mai shayi da mai kayan miya da ba su taɓa riƙe gora ba su ne za su biya. Ko da a ce makiyayi ne ya sa wutar don sabuwar ciyawa, ko mafarautan ƙauyen da kansu, wa zai tsaya bincike a ranar? Zamanin ma ya canza: bayan abin da ya sami mafarauta 16 'yan Kano a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, ba sai an gaya wa kowa ba cewa tawagar mutane da bindigar toka a ƙasar da ba a san da zuwansu ba tana cikin haɗari.

Kada a fahimce mu da cewa mu yi haƙuri saboda tsoro. Ko da ba a taɓa rikici a Kafanchan ba, ƙona gonar mutum zalunci ne. Tarihinmu ƙara nauyin abin kawai ya yi.

To amma adalci ba ya tafiya da ƙafa ɗaya. Idan muka ce mafarauci ya jira, shi ma yana da haƙƙi a kanmu. Manoman da ke kuka da wuta su ne kuma ke kuka da birai da gyauji da ke cinye masu amfani idan ya daɗe a gona. Mafaraucin da ya san aikinsa abokin manomi ne: ya nemi izini, ya ɗana tarko a bakin gona inda mai gona ya sani, ya rage masa ɓarna, shi kuma ya sami na miya. Manomi kuma ya yi share a kewayen gonarsa, kada ya bar dami a daji wata guda bayan yanka sannan ya zo yana kuka. Mu da muke da gonaki a cikin unguwar nan, me zai hana mu ɗauki samarin nan aikin yankan dawa da haƙar citta a wannan tsakanin? Sun sami kuɗi, girbi ya yi sauri, daji ya buɗe da wuri. Saurayin da ya yini yana ɗaure dami da hannunsa, da wuya ya kyasta ashana kusa da damin wani.

Shawararmu ga mai unguwa da dattawan mafarauta ita ce a dawo da abin da aka sani. A bar sanarwar buɗe farauta a bakin mutum ɗaya, kuma kada ya yi ta sai ya aika an tambayi masu gari na ƙauyukan da za a shiga dajinsu ko an gama kwashe amfani. Tawaga kada ta fita ba dattijo a cikinta. Wanda ya sa wuta ya yi ɓarna, mu da kanmu za mu kai shi gaban mai gona ya biya, kafin wani ya zo nemansa. Iyaye kuma, Allah ya ba ku haƙuri, yaron da ya shigo da nama a wannan watan a tambaye shi daga ina, kafin a ɗora tukunya.

Jama'a, gada ba ta ƙaura daga dajin Jama'a a mako uku. Hunturu na tafe, ciyawa za ta kwanta, dawa za ta shiga rumbu, sannan a saki karnuka da rai kwance. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya kare gonakinmu da na maƙwabtanmu daga gobara, ya zaunar da garinmu lafiya.