Wanda Ya Ci Yaƙi, Ya Sami Salama Ke Nan?

'Yan'uwa, bari mu auna wannan tambaya da yaƙin Larabawa da Isra'ila.

Ran 5 ga Yuni 1967 Isra'ila ta farfashe jiragen yaƙin Masar tun ba su tashi ba. Cikin kwana 6 ta kame Sinai, da Gaza, da Tuddan Golan, da yammacin Kogin Urdun, har da gabashin Urushalima. Aka ce an gama. Amma dubban Falasɗinawa suka rasa gidajensu, mashigin Suwez ya zauna a rufe shekara 8. A 1973 Masar da Suriya suka sake ɗaura yaƙi, kuɗin man fetur ya ninka wajen sau 4. Talakan da bai taɓa jin sunan Golan ba, shi ma ya biya.

Sinai kuwa ta koma hannun Masar bayan Sadat da Begin sun ƙulla sulhu a 1979. Sadat ya biya da ransa a 1981, amma ƙasashen nan biyu ba su ƙara yaƙi da juna ba.

Ashe sulhu ma yana da tsada, amma mun ga ya fi nasara daɗewa. Gama maƙwabcin da aka kayar yana nan, gobe ma da shi za a zauna.