Gyaran Turancin Mai Koyo: Taimako Ko Yaudara?

Saurayi ya kawo maka takardar neman aiki da ya rubuta da Turanci, ya ce, "Malam, a duba mini." Ka duba, ka tarar da kurakurai da yawa. To, me ya kamata ka yi? Ka rubuta masa sabuwa, ko kuwa ka zaunar da shi ku bi ta layi layi?

Hanyar farko ta fi sauƙi, amma a ganina akwai yaudara a cikinta. Mai ɗaukar aiki zai karanta Turancinka ya zaci na yaron ne. Ran da aka miƙa masa alƙalami asiri ya tonu, shi zai sha kunya, kai kana gida.

Sau da yawa kuskuren mai koyo Hausa ce ya sa wa rigar Turanci. Mu da kalma guda muke shan ruwa, mu sha taba, mu sha magani, amma wurin Bature kowanne da kalmarsa. Mukan ce mota ta tsaya, keke ya faɗi, Turanci kuwa galibi ba ya raba kaya maza da mata. In ka nuna masa dalilin nan, ka gyara takardar yau, ka kuma gyara ta gobe.

Saboda haka ka ja layi ƙarƙashin kuskure, ka bar shi ya sake da hannunsa, kada kuwa ka yi masa dariya. Maganar tasa ce, amana ya ba ka. Allah ya sa mu iya riƙewa.