Uwa A Wurin Aiki, Jariri A Hannun Wa?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga cikin tambayoyin da suke yawan zuwa gaban malamai akwai wannan: shin ya halatta mace mai goyo ta fita aikin albashi ta bar ɗanta a gida? Galibi miji ne ke tambaya domin ya sami hujjar hanawa, ko kuwa mata domin ta sami hujjar fita. Shi kuwa mai haƙƙi na uku, watau jaririn, ba shi da bakin da zai kawo ƙara, alhali kuwa a kansa ne hukuncin zai faɗa.

Neman halaliya ga mace ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Nana Hadiza, Allah ya yarda da ita, attajira ce mai aika fatake zuwa Sham. Nana Zainabu 'yar Jahshi takan jeme fata da hannunta ta yi sadaka da kuɗin. Matan ƙasar Hausa ma tun kaka da kakanni suna kaɗi da saƙa da dakan fura da suyar ƙuli-ƙuli. Sai dai fa ɗan yana goye a bayan uwarsa, in kuwa ta sauke shi akwai kaka, ga gwaggo, ga abokiyar zama a tsakar gida ɗaya. Abin da ya sake a yau shi ne aikin ya bar gida ya koma ofis da asibiti da makaranta, sa'an nan ma'aikaci ya bar gidan gandu ya kama hayar ɗaki biyu a birni, nesa da dangi.

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, ya sanya cikar shayarwa shekara biyu, kuma a cikin ayar nan ɗaya ya ɗora ci da tufafin mai shayarwa a kan uba, ya hana a cuci uwa ko uba saboda ɗa, ya kuma yarda a nemi wata mai shayarwa in an biya ta haƙƙinta. A Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani an jera masu haƙƙin reno bayan uwa: kaka, sa'an nan 'yar'uwar uwa. Mai lura zai ga malamai ba su bar wannan gurbi ga duk wanda ya samu ba, sun bi masu tausayi ne daki-daki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da ɗansa Ibrahimu ga matar wani maƙeri a gefen Madina ta shayar da shi. Amma Anas ya ba da labari cewa yakan tafi har can, ya shiga gidan duk da hayaƙin maƙera, ya ɗauki yaron ya sumbace shi. Ashe ba da reno ga wani ba ya sauke wa uba nauyin bin sawu.

Binciken masana na zamani bai yi nisa da wannan ba. A 1991 aka fara wani babban bincike a Amurka, aka bi yara 1,364 tun daga haihuwa. An gano cewa halin gidan su yaro, musamman yadda uwa ke lura da shi tana amsa masa, ya fi tasiri a kan hankalinsa da ɗabi'arsa bisa ga wurin da aka ajiye shi da rana. An kuma gano cewa reno mai kyau, inda babba ke magana da yaro yana kula da shi, yana taimakon buɗewar baki da fahimta, amma daɗewa sa'o'i masu yawa a gidan reno takan zo da ɗan ƙarin rashin ji. Inda masana suka fi nuna damuwa shi ne uwa ta koma aikin yini cur tun jariri yana 'yan watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana horo da nono zalla wata shida, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye.

To, a nan ne ƙullin yake. Dokar ƙwadago ta Nijeriya mako 12 ta ba mai haihuwa, da rabin sa'a sau biyu a yini domin shayarwa. Ina amfanin rabin sa'a ga ma'aikaciyar jinyar da gidanta ke wancan gefen gari? Jihar Legas a 2014 da Jihar Kaduna a 2019 sun mai da hutun ma'aikatansu wata shida, kuma lalle wannan ya fi kusa da adalci. Bai kamata a manta ba, magidancin da ba ya son likita namiji ya duba iyalinsa, likita mace yake nema, ita kuwa uwar wani ce. Al'ummar da ke bukatar aikinta ita ya kamata ta tanadi ɗakin reno kusa da wurin aikin.

Zaman gida shi kaɗai ma ba ya wanke uwa. Da yawa akwai mai sana'a a cikin ɗaki wadda ta ɗora wa 'yarta tallar da ta raba ta da allo da boko.

Mafi muni duka shi ne abin da ya zama ruwan dare a gidajen ma'aikata: a ɗauko yarinya 'yar shekara goma daga ƙauye, a danƙa mata jariri tun safe har la'asar, a kulle ƙofa. Ba ta san alamar zazzaɓi ba, ba ta san yadda ake tsabtace abin shan jariri ba, in ya yi kuka ta gaji sai ta kunna masa talabijin ko ta make shi. Ita kanta reno take bukata, kuma tata uwar tana can tana jiran ɗan abin da za a aika a ƙarshen wata. Maigidan da ke cin moriyar albashin matarsa, sa'an nan ya ga tsadar biyan dattijuwa amintacciya ko ɗauko kakar yaron, ya sani ciyarwa da ladan reno a wuyansa shari'a ta rataya su, kuma yara biyu ne za a tambaye shi a kansu.

Wallahu a'alamu.