Ɗana, Ka Fara Duba Kaskon Ruwa

Ɗana mai kiwon tattabaru a Bariénou, na san labarin New Kim ya iso kunnenka, tattabarar tseren nan ta Beljiyam da aka sayar a kan Yuro miliyan 1.6 a watan Nuwamba na 2020. Na san kuma kana burin ranar da za a saki naka a Parakou su dawo ƙasar Zugu kafin azahar. Ban ga laifinka ba. Tafiya ce ta sama da kilomita 100, kuma tattabara mai horo da ƙoshin lafiya takan cinye ta cikin awa biyu ko makamancin haka. Amma wadda take shan ruwan da ya kwana uku a kasko, ko bayan gari ba za ta kai ba.

Kama ɗan shilar da ka ga ya takure ya daina karɓar abinci, ka buɗe bakinsa a cikin haske. In ka ga wani abu rawaya manne a maƙogwaro kamar gutsuren wagashi, to ciwon da ya fi addabar ɗakin tattabaru ke nan. Wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, sunanta Trichomonas. Tattabara ba kamar kaza take sha ba. Tsoma baki take yi ta zuƙa, don haka mai ciwo guda ɗaya ta isa ta ɓata wa kowa ruwa. Iyaye kuma, uba da uwa, da baki suke ɗura wa 'ya'yansu wani farin ruwa mai kauri da ke fitowa daga jakar wuyansu, sai su ɗura musu har da cutar, alhali su kansu garau suke a ido. Kada ka sa tsinke ka ɓanɓare abin, jini zai yi. Akwai maganinsa wurin likitan dabbobi, kuma ɗaki duka ake ba, ba ɗan shilar kaɗai ba. Kasko kuwa a wanke shi kullum, a ɗora shi inda kashi ba zai faɗa ciki ba.

Sai maganar hatsi, kuma nan ne nake jin takaici. Daminar yankinku na Donga doguwa ce, masara takan shiga buhu da sauran danshi, sai fumfuna ta kama ta. Mai gida ya tsince mai kyau don tuwo, ya watsa wa tattabaru ruɓaɓɓiyar, wai ai tsuntsu ne. Ɗana, gubar da fumfuna ke bari a masara da gyaɗa hanta take ci, kuma shanya a rana ba ta fitar da ita in ta riga ta zauna. Ciza ƙwayar ka ji ta fashe ƙwas, sansana ta. In akwai warin rima, zubar. Giram 30 zuwa 40 a yini ya ishi babbar tattabara: dawa, gero, masara, da ɗan wake don ƙarfin fiffike. Waken soya sai an gasa. Kada ka manta ƙananan tsakuwoyi da dakakken ɓawon ƙwai, don tattabara ba ta da haƙori, da tsakuwa ƙundunta ke niƙa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ciwon murɗe wuya. Za ka ga tattabara tana kallon sama, tana kai baki ga hatsi tana kuskure, kashinta ruwa-ruwa. Ɗan'uwan cutar Newcastle ne mai share kaji, kuma ya ratsa ɗakunan tattabarun Turai a farkon shekarun 1980. Ba shi da magani in ya shiga. Kafso ja-da-yalo da ake farkewa cikin ruwa ba ya taɓa shi, barkono ma haka, kuma ba bakin maƙwabci ba ne. Allurar rigakafi ce kaɗai, tun suna 'yan makonni, a maimaita duk shekara.

Yawanci kai ne kake kawo wannan ciwon gida da hannunka, ranar kasuwa, cikin kwando. Kowace sabuwar tattabara, kome kyanta, kome amincin wanda ya sayar maka, ta yi mako uku ita kaɗai, da kaskonta daban, kafin ta haɗu da sauran. Ɗakin kuma ya sha iska, ƙasa a bushe, a kankare kashi, ka rufe hancinka in kana yi don ƙurar tana cutar da huhun mutum.

Amana ce a hannunka, ɗana, tun da kai ka kulle su ba su iya nema wa kansu. In ka ga guda ta murɗe wuya yau, ware ta nan take, ka nufi Zugu wurin likitan dabbobi, kada ka jira ta biyu.