Kifin Da Na Mayar Cikin Teku

A shekara ta 2024 na kai ziyara wurin wani ɗan'uwana da ke zaune a Masacusets, bakin Tekun Atlantika, cikin ƙasar Amurka. Wata asuba maƙwabcinsa ya ɗauke mu a jirgin ruwa zuwa kamun kifi da fatsa. Kifin da su ke nema ana ce da shi bas, mai ratsi baƙaƙe bakwai ko takwas daga kai har wutsiya. Ƙarfinsa ya kan tuna wa mutum giwan ruwa. Da hantsi na ji an fizgi igiya. Na yi ta kokawa da shi har hannuna ya mutu, kana muka jawo shi. Ban taɓa riƙe kifi kamarsa ba. Ina cikin murna sai mutumin ya fito da ma'auni, ya gwada shi, ya ce, "Abokina, wannan ya yi girma. Sai mu mayar da shi."

Na zaci ba'a ya ke yi, gama a wurinmu ƙaramin kifi a ke jefarwa, babba kuwa a nuna wa maƙwabta. Ashe dokarsu ke nan. Mai fatsa ba ya tafiya gida sai da kifi ɗaya a yini, shi ma sai wanda tsawonsa ya ke tsakanin inci 28 da 31. Dalili kuwa, manyan galibi mata ne, su ne kuma masu yawan ƙwai.

Na sake shi, amma ba da son raina ba. Ina gaya wa masu karatu gaskiya, a zuciyata cewa na ke, me ya dame ni da ƙwan kifin Amurka? Ni baƙo ne, mako biyu zan yi in koma. Kifin ba na kowa ba ne, ba wanda ya haƙa tekun, ba wanda ya ba shi abinci. Da na sa shi cikin kwando, wa na zalunta? Wannan tambaya ta bi ni har gida, kuma a gida na ga amsarta, a bakin tafkinmu na Kalmalo.

Wanda bai san wurin ba, Kalmalo tana kusa da Illela, a kan iyakar Nijeriya da Nijar, daura da Birnin Ƙonni. Tafkin ya kan sha daga kwarin Majiya, wanda ke gangarowa daga cikin Nijar. Dattawanmu sun san lokacin da masunta su ke shiga da gora da taru, su fito da tarwaɗa da karfasa, masu lambu kuma na ban ruwa a gefe. Sa'an nan aka yi farin 1973 da na 1984. A tsakanin shekarun nan kuma aka datse Majiya a Mozage da Zongo, domin noman rani na Ƙonni. Tafkin ya ja baya ƙwarai, waɗansu shekaru ma ya kafe, kifi ya tafi tare da shi.

To, ku dubi manomin albasa na Ƙonni. Ɗan'uwanmu ne, harshe ɗaya, muna aurayya, muna cin kasuwa tare. Sa'anda ya buɗe wa fangalinsa ruwa, ba ya nufin kowa da mugunta. In ka tsare shi, zai ce ruwan da ya ɗiba bai kai ya kafar da tafki ba, kuma gaskiya ya faɗa. Na kusa da shi ma haka zai ce, shi ma gaskiyarsa. Ba za ka iya nuna mutum ɗaya ka ce ga mai laifi ba, ga shi kuwa masuncin Kalmalo ya jingine tarunsa ya tafi cin rani. Ban ce datsiya kaɗai ta jawo wannan ba, ruwan sama ma ya ragu. Amma maganar da zan so manomin nan ya ji, watau ya tuna da wanda ke ƙasa da shi ko da ba ya ganinsa, ita ce maganar da na ƙi ji a cikin jirgin ruwa. A can ni ne mutumin Ƙonni.

Mun saba cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mu kan faɗi wannan domin a yi haƙuri da baƙo, tun da shi ke ba zai daɗe ba. Ni dai na ga karin maganar tana da wani gefe. Ɗan gari, in ya ɓata ruwa, shi zai sha, saboda haka tsoro ma ya isa ya tsare shi. Baƙo kuwa ba abin da zai tsare shi sai lamirinsa. Rashin ganin ɓarnar ba ya sauke masa nauyi, sai dai ya sa nauyin ya koma kansa shi kaɗai.

Labarin bas ɗin nan ma haka ya ke. Yawancinsu a kogunan Cesafik da Hodson a ke ƙyanƙyashe su, sa'an nan su bi gaɓar teku zuwa arewa, su ratsa ruwan jihohi da yawa. Kowace jiha ta yi ta ɗiba tana cewa nata kaɗan ne, har kifin ya kusa ƙarewa. A 1984 majalisar ƙasar ta yi doka ta tilasta jihohin su bi tsari ɗaya. Jihar Merilan ta hana kama shi gaba ɗaya daga 1985, ba ta buɗe ba sai 1990. A 1995 aka ce ya farfaɗo. A 2019 masu bincike suka sake cewa an ɗibe shi fiye da kima, shi ya sa aka ƙara tsananta ma'aunin da ya raba ni da kifina. Mu ma Nijeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da su ke tarayya a kai, har da na Majiya. Takarda abin kirki ce, amma mai buɗe ruwa da dare ba takarda ke tsaye a kansa ba. Kakanninmu ma sun san wannan hani. A Argungu, inda a ke bikin su tun 1934, Sarkin Ruwa ba ya barin kowa ya shiga Matan Fada sai lokacin ya yi.

Wani zai ce, mai 'ya'ya da yunwa fa? Wannan ba ni da bakin yi masa wa'azi. Masuncin da ya kama mai ƙwai domin tukunyar dare, hukuncinsa daban ne da nawa, gama ni da na karya kumallo na shiga jirgi, don nishaɗi kawai. Har ma sakin da na yi bai wanke ni sarai ba. Masu lissafinsu sun ce cikin kowane ɗari da aka kama aka saki, wajen 9 su kan mutu daga baya saboda rauni da wahala. Na sa halitta ta yi kokawar ranta domin in ji daɗin hannu, ban kuwa san ko tawa tana cikin taran nan ba.

Kwana biyu bayan haka maƙwabcin ya sake zuwa da asuba. Na bi su, na riƙe musu ma'auni, amma ban jefa fatsa ba. Ɗan'uwana ya kama ɗaya mai inci 29, muka gasa shi da yaji, na ci rabona.