Haƙƙin Ƙudan Zuma A Kan Mai Lambu

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya bi magudanai ya isa ƙasar Kura da Bunkure, noman rani ya zama sana'ar dubban magidanta. Tare da wannan ni'ima sai feshin maganin ƙwari ya shigo, tambaya kuma ta taso: shin ya halatta mutum ya hallaka ƙudan zuma garin kare shukarsa?

Allah Maɗaukakin Sarki Ya girmama wannan ƴar halitta, har sura ta 16 a Alƙur'ani mai girma take ɗauke da sunanta, watau Suratun Nahli. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe halittu huɗu, cikinsu har da ƙudan zuma.

Hikimar hanin a fili take ga mai lura. Shinkafa da alkama ba su jiran ƙwaro kafin su yi ƙwaya. Amma kankana da gurji da kabewa furensu biyu ne, namiji daban, mace daban, kuma ba su yin ƴaƴa sai an ɗauko garin furen namiji an kai wa macen. Ƙudan zuma ne ke wannan dako, ba ladan ko anini. Wanda ya kashe shi ya kori ɗan ƙwadagon da bai taɓa neman haƙƙinsa ba, ya kuma rage amfanin maƙwabcinsa, domin ƙudan zuma bai san iyakar gona ba.

To, Shari'a ba ta hana manomi kawar da tsutsar da ke cin guminsa ba, domin tsare dukiya wajibi ne. Sai dai malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa larura ana auna ta ne gwargwadonta. Idan za a iya kashe mai ɓarna a bar mai amfani, haɗa su duka ya zama ƙetare iyaka. Saboda haka mai feshi ya jinkirta zuwa yamma lis, sa'ad da ƙudan ya koma amya, ya kuma guji lokacin da fure ya buɗe.

Magidanci ma yana da rabonsa a cikin gida. Ya dasa zogale ko lemun tsami ko gwaba a bayan ɗaki, ya ajiye kasko da ruwa da ƴan tsakuwa lokacin bazara, don ƙudan ya sauka ya sha bai nutse ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa abin da tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga shukar Musulmi, sadaka ce gare shi.

Allah Ya ba da ikon riƙon amanar halittunSa, amin.